Takardar tambayoyin fitsari: furostat take ganowa ko wahalar tsoho take aunawa?

Kwanakin baya wani yaro ɗan kartiyenmu nan Marwa ya tare ni bayan isha'i da waya a hannu, wai in duba masa wani abu da aka turo a WhatsApp tunda ni anfirmiye ne. Tambayoyi ne guda 7 da Faransanci akan fitsari, a ƙasa an rubuta wai duk namijin da makinsa ya haura 7 to yana da ciwon furostat, wato wata 'yar tsoka ta maza dake ƙasan mafitsara, sai lambar wayar mai saida magani. Yace babansa ya samu 18. Nace kai ka zauna ka tambayi Baba waɗannan tambayoyin?? Yace a'a Kawu, ina ni ina tambayar Baba zancen fitsari, ɗakina ne kusa da makewayi, ƙarar buta nake ji da dare shine na ƙiyasta sauran. Wallahi sai da nayi dariya, amma daga baya abin ya tsaya min a rai, dan yaron har ya ware kuɗin maganin.

Ita takardar ba ƙarya bace, kar a fahimce ni a baibai. Ta gaske ce, mu ma muna aiki da ita a lopital. Sunanta IPSS. Ƙungiyar likitocin hanyar fitsari ta Amurka ce ta fitar da ita a 1992, wani likita Michael Barry ya jagoranci aikin, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan a riƙa amfani da ita ko'ina aka ƙara mata tambaya ta 8. Ana tambayarka ne akan wata ɗaya da ya wuce: sau nawa ka gama fitsari kaji kaman bai ƙare ba, sau nawa ka koma kafin awa 2, sau nawa yake yankewa yana dawowa, sau nawa ya matse ka har riƙewa tayi wuya, sau nawa yake fita ba ƙarfi, sau nawa sai kayi yunƙuri kafin ya fara, sannan sau nawa kake tashi da dare. Kowace tambaya maki 0 zuwa 5, jimla 35. Daga 0 zuwa 7 ana cewa abin da sauƙi, 8 zuwa 19 tsaka-tsaki, 20 zuwa 35 ya tsananta. Ta 8 ɗin kuma daban ake lissafa ta, 0 zuwa 6, cewa take in haka zaka ƙare rayuwarka da wannan fitsarin yaya zaka ji.

Toh ka sake karanta tambayoyin a hankali. Akwai wadda ta taɓa furostat a ciki? Babu ko ɗaya. Duk akan fitsari ne. Kuma fitsari ba furostat kaɗai ke da iko dashi ba, akwai ƙoda mai tace shi, akwai mafitsara mai tara shi ta matso shi waje, akwai bututun da yake bi, akwai jijiyoyi da ƙwaƙwalwa masu bada umarni, akwai abinda mutum ya sha da lokacin da ya sha. Furostat ɗaya ce kawai daga cikin masu gadin hanyar. Wata 'yar tsoka ce kaman girman goro, wajen giram 20 a jikin saurayi, tana ƙasan mafitsara ta zagaye bututun fitsari kaman zobe, aikinta samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Ko sunanta ma rigima ne a Hausa, sai kaji a rediyo ana cewa sankarar mafitsara alhali furostat ake nufi, mafitsara kuma aba ce daban mai nata ciwon daban. Mu dai nan furostat muke cewa yanda muka ji a bakin Faransa.

Abinda yafi burge ni a tarihin takardar nan, shekara ɗaya kacal da fitowarta, a 1993, wasu masu bincike a Amurka, Lepor da Machi, suka ba maza da mata 'yan shekara 55 zuwa 79 suka cika. Makin matan ya fito kusan daidai da na mazan. Mace kuwa bata da furostat. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ma'aunin wahalar fitsari ne, ba ma'aunin furostat ba. Shi yasa a 1994 wani likita a Biristol ta Ingila, Paul Abrams, ya rubuta cewa a daina kiran waɗannan alamomin da sunan furostat gaba ɗaya, a kira su alamomin ƙasan hanyar fitsari kawai, dan sunan da kansa yana sa likita ya yanke hukunci tun kafin ya duba.

Sannan girman furostat da tsufa kusan kaman furfura ne. Binciken gawarwaki da aka tattara a 1984 ya nuna wajen rabin maza 'yan 50 da wani abu suna da wannan ƙarin tsokar, in an haura 80 kuwa kusan 9 cikin 10. Amma ba dukansu ke shan wahala ba. A wani yanki na jihar Minesota an bi maza sama da 2,000 'yan 40 zuwa 79 shekara da shekaru ana auna su, aka ga alaƙar maki da girman furostat da ƙarfin fitar fitsari akwai ta amma mai rauni ce. Mu ma muna gani da ido, tsoho ekografi, wato hoton ciki, ta nuna furostat ɗinsa ta ninka uku amma yace shi lafiya lau yake fitsarinsa, wani kuma tashi 'yar ƙarama ce amma ya kasa barci, saboda ba girman bane kawai, inda ta kumbura ta nufa shine magana, in ta turo cikin bakin mafitsara ko kaɗan ce sai ta tare hanya. Akwai kuma wanda hanyarsa a buɗe take, mafitsarar ce ta gaji bata iya matsawa, shi ma fitsarinsa ba ƙarfi, shi ma yunƙuri yake, makinsu ɗaya da mai toshewa a takarda, amma shi ko an kankare masa furostat ba lallai ya samu sauƙi ba.

Yanzu mu dawo gida, dan a nan ne nake ganin ana barin jaki ana dukan taiki. Dattijo a Marwa ko Garwa ko Injamena da yake tashi sau 4 da dare, me da me zai iya jawo masa? Na farko da nake fara nema suga ne. Ciwon suga in bai samu kulawa ba mutum ƙishi yake ji ya sha ruwa ya zubar dare da rana, kuma mutane da yawa suna yawo dashi basu sani ba, gwajinsa kuma ɗigon jini ne a yatsa, minti ɗaya. Na biyu maganin hawan jini ko na zuciya mai sa fitsari irin su Lasilix, in tsoho na sha da yamma to ya sayi tashin dare da kuɗinsa. Na uku kumburin ƙafa, ruwan da ya taru a ƙafa da rana in mutum ya kwanta sai ya koma jini, ƙoda ta tace shi cikin dare. Sai shayi. Kowa yasan yanda ake zaman shayi a wajenmu musamman 'yan uwanmu na Chadi, kofi na ɗaya na biyu na uku, mai kauri da suga har bayan isha'i, ganyen shayi kuma yana ƙara fitsari yana tsokanar mafitsara. Ka cika takardar nan cikin azumi kaga abin mamaki, mutumin da ya wuni bai sha ba ya zo ya ɗura ruwa da kunu da shayi tsakanin magariba da sahur dole makinsa na dare ya tashi. Ka cika ta a watan Afrilu lokacin da zafi ya haura 40 kuma sai kaga akasin haka, zufa ta kwashe ruwan, fitsarin ya ragu, mai ciwon gaske ma makinsa ya sauka.

Akwai kuma namu na musamman da waɗanda suka tsara takardar a Amurka basu da shi a rai: tsargiya. Duk wanda ya tashi yana wanka ko su ko noman shinkafa a bakin Logon, ko wajen Maga da Yagwa, ko tafkin Lagdo, ko bakin tafkin Chadi, ya san fitsarin jini na yara, har wasu na ɗaukarsa alamar balaga. Ƙwan tsutsar yana maƙalewa a bangon mafitsara, shekara da shekaru bangon yana tauri yana tabo, mafitsarar ta daina ɗaukar fitsari da yawa, mutum ya tsufa yana zarya makewayi, wani ma ta kai shi ga sankarar mafitsara ta ainihi. Ga ciwon sanyi da aka ɗauka a ƙuruciya aka sha kafso biyu a kasuwa aka ce ya warke, shi kuma tabo yake bari a cikin bututu ya tsuke shi, bayan shekara 20 fitsari ya koma kaman zare. Ga dutse a mafitsara, ga ƙwayoyin cuta a fitsari, ga shanyewar ɓarin jiki, ga tramol da wasu magungunan mura da suke iya riƙe fitsari. Duk waɗannan zasu iya baka 18 ɗin da yaron nan ya samo ma babansa.

Wannan fuska ɗaya kenan, maki yayi sama alhali ba furostat bace. Ɗaya fuskar ita tafi bani tsoro, maki yayi ƙasa mutum ya saki jiki. Sankarar furostat yawanci, wajen 7 cikin 10, daga bayan tsokar take farawa, can gefe nesa da bututu, shi kuma girman tsufa a tsakiya yake inda ya rungume bututun. Dan haka sankara tana iya shekaru tana girma fitsari na fita lafiya ƙalau, ranar da zata yi magana sai kaji tsoho na kukan ciwon baya da ƙugu da baya jin magani, yana ramewa, lokacin ta riga ta shiga ƙashi. A 2022 wasu masana a Jami'ar Kambirij sun fito sun ce wannan haɗa sankarar furostat da alamomin fitsari da ake yi wajen wayar da kai yana iya sa maza zama a gida suna jiran alamar da ba zata zo da wuri ba. Kuma abin ya fi shafarmu, a Ingila lissafi ya nuna baƙar fata 1 cikin 4 zai gamu da ita a rayuwarsa, farar fata 1 cikin 8. Toh mai saida magani da yace maki ƙasa da 8 kana lafiya, wallahi bai san alhakin da yake ɗauka ba.

Akwai ma wani nau'in da ba sankara ba amma shi ma shiru yake kisa. Mafitsara ta cika ta kumbura a hankali har mutum ya daina jin ta cika, baya jin zafi, baya ƙorafi, fitsarin na komawa sama yana danne ƙoda. Alamarsa sau da yawa ita ce tsoho ya fara fitsarin kwance, abinda ba zai taɓa faɗa ma kowa ba sai dai matarsa ta gani, takardar kuma bata tambaya.

Wannan ya kawo ni kan abinda takardar ta tsallake wanda a wajen dattawanmu shine kan gaba. Babu tambaya akan ɗigar fitsari. Babu akan zubar da baka shirya ba, babu akan ɗigon da ke biyo baya in ka gama ka tashi. Amma ka zauna da tsoho Musulmi ka bar shi yayi magana da kansa, ba zai ce maka fitsarina ba ƙarfi ba, cewa zai yi ɗana tsarkina ne ya lalace, nayi istibra'i nayi alwala ina shiga sahu sai inji ɗigo, na daina limanci, wando uku nake canjawa, Juma'a ma a bakin ƙofa nake zama. Mutumin nan zai iya samun maki 6 a lissafi amma rayuwarsa ta dagule. Shi yasa ni tambaya ta 8 nafi ba muhimmanci akan jimlar, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai matsalar cikawar kanta. An tsara ta ne mutum ya zauna shi kaɗai da biro ya karanta ya zaɓa. Amsoshin kuma irin su ƙasa da sau 1 cikin 5, ƙasa da rabin lokuta, wajen rabi, sama da rabi. Ko a Amurka an ga masu ƙarancin karatu suna kuskuren fahimtarta sosai. Mu kuma takardar da Faransanci take zuwa, tsoho na jin Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa ko Barbarci, ni in juya masa da baki, kuma kowane anfirmiye da irin juyawarsa. Kace ma Baba cikin fitsari biyar sau nawa yake yankewa, sai ya dube ka yace ɗan nan wa yake ƙirga wannan. In ɗansa ne tafinta kuwa an gama, ɗan zai sunkuyar da kai ya taƙaita tambayar, uban zai ce alhamdulillahi da sauƙi, a rubuta 0. In mace ce ke tambayar haka. Na koyi fitar da 'ya'ya waje kafin in fara, kuma na daina cewa fitsari kai tsaye a farko, sai ince Baba yaya kama ruwa, daga nan zance ke buɗewa. Tambayar dare ma da tarko a ciki, tsohon da yake tashi nafila ƙarfe 3 ya zagaya kafin alwala, fitsari ne ya tashe shi ko tashi yayi ya ga dama yayi? Ba ɗaya bane, amma a takarda duk 1 ne.

Likitoci a Jami'ar Sitelenbosh ta Afirka ta Kudu sun ga irin wannan matsalar sai suka fitar da ta hotuna a 2011, VPSS, hoto huɗu: ƙarfin fitar fitsari, yawan zuwa da rana, yawan tashi da dare, sai fuskoki daga mai murmushi zuwa mai ɓacin rai. Tafi sauƙi nesa ba kusa ba ga wanda bai yi lakwal ba, kuma tafi sauri. Saidai hoton farko mutum ne a tsaye fitsarinsa na yin baka, ana so ka nuna nisan naka, dattawanmu kuma a tsugune suke yi, sai ka ƙara bayani da baki. Kuma ita ma wahala take aunawa, bata san dalili ba.

Toh ina amfaninta kenan? Yana nan, kuma babba ne in an ajiye ta a mazauninta. Tana sa a tambayi abinda kunya zata hana a faɗa. Tana raba mana alamomin gida biyu, na tarawa (yawan zuwa, matsuwa, tashin dare) da na fitarwa (rashin ƙarfi, yankewa, yunƙuri, jin saura), wanda yake nuna ma dokta inda zai fara leƙawa. Uwa uba ita ce ma'aunin da ake bin magani da shi. Tsoho yazo da 22, aka bashi tamsulosin, maganin dake sassauta hanyar fitsari, ya dawo randebu bayan wata ɗaya da 13, to mun san ana tafiya. Bincike ya nuna sai maki ya sauka da wajen 3 kafin mutum da kansa ya fara jin canji, dan haka daga 22 zuwa 21 ba komai bane komai daɗin bakin mai magani. Finasteride kuma, maganin dake rage girman furostat, sai anyi haƙuri, watanni 6 ake bata kafin a yanke mata hukunci.

Abinda ke gano dalili kuwa sai an haɗa da jiki. Analiz na fitsari dan jini da ƙwayar cuta da ƙwan tsargiya, gwajin suga, kireyatinin dan ƙoda, ekografi a ga girman furostat da fitsarin da ya rage bayan an gama. Inda akwai na'urar auna gudu, ƙasa da mililita 10 a sakan yana nuni da matsala, sama da 15 yawanci lafiya, da sharaɗin fitsarin ya kai mililita 150. Sai duban yatsa ta dubura, wanda nasan dattawa sun tsana, wani har ya ɗauki hularsa ya fita, amma minti ɗaya ne kuma yatsan yana taɓa daidai bayan tsokar inda sankara ke fitowa. Sai PSA, wani sinadari da furostat ke fitarwa da ake aunawa a jini, shi ma ba alƙali bane: an saba ɗaukar 4 a matsayin iyaka, amma wajen 3 cikin 4 na masu PSA sama da haka ba a samun sankara in an ɗebi tsoka, kuma wani babban bincike na 2004 a Amurka ya samu sankara a kashi 15 cikin 100 na mazan da nasu bai wuce 4 ba. Ciwon sanyin mafitsara, riƙewar fitsari, sa roba, duk suna ɗaga shi, finasteride kuma tana rage shi da wajen rabi, dan haka a gaya ma dokta in ana sha. Ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka shawararta baƙar fata ya fara wannan maganar da likita tun yana 45, haka wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi ciwon kafin 65, ko fitsarinsa lafiya lau. Wanda kuma fitsari ya tsaya masa cak, ko yaga jini, ko zazzaɓi da rawar sanyi ya haɗu da zafin fitsari, wannan ba zancen cika takarda bane, a ɗora shi a kalando ko mota a tafi a daren.

Akwai wata dabara mai arha da nafi yarda da ita akan tashin dare fiye da takardar. Ka samu gorar Tangui ta lita 1 da rabi ka yanke bakinta ka yi mata zane-zane, kwana 3 duk fitsarin da tsoho yayi a auna a rubuta lokaci da yawa, da abinda ya sha. In kaɗan kaɗan yake yi sau da yawa, to mafitsara ko furostat ake zargi. In kuma kowane tashi gora rabi yake cikawa, har na dare ya haura kashi 1 cikin 3 na fitsarin wuni da kwana, to ruwan ne yayi yawa da dare, a koma kan suga da zuciya da ƙafa da shayi da lokacin shan magani.

Ita na ba yaron nan. Nace kar ya sayi komai tukuna, kuma kar ya tunkari Baba da kansa, ya samu amininsa da suke zaman shayi tare ya gaya masa, shi zai san yanda zai shigar da maganar cikin raha. Haka akayi. Bayan sati biyu sai ga dattijon da kansa da sassafe, shi da aminin, ɗan yana can waje ya riƙe musu takalma. Na gaishe shi nace Baba ina gajiya, yaya kama ruwa, yayi murmushi yace ai kai ne ka aiko min da gora. Muka cika takardar tare da Hausa a hankali, 11 ta bayar ba 18 ba, kusan duk daga tashin dare da yawan zuwa. Na soki yatsansa sugan ya fito sama sosai. Dokta ya rubuta masa ordonans na suga, ya tura shi labo da ekografi, sannan yace saura duban yatsa. Tsohon ya kalli amininsa, aminin yace ni ma an min bara, tashi muje. Sakamakon PSA ɗin sai ran Alhamis.